San Juan ko Green: wane kogi ya kamata ka fara zuwa kamun tirawut da ƙwaron bogi?

'Yan uwa mazauna Amurka masu son gwada kamun tirawut da ƙwaron bogi, wato irin fatsar nan da ba a sa tana ko gutsuren nama a ƙugiya sai dai a ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, koguna biyu ne nake ganin ya kamata mutum ya zauna ya auna kafin ya kashe kuɗin jirgi da na masauki. Akwai San Juan a arewa maso yammacin jihar New Mexico, akwai kuma Green a arewa maso gabashin Utah. Dukansu daga ƙarƙashin dam suke fitowa, dukansu cike suke da kifi har sai ka yi mamaki, amma wallahi ranar da za ka yi a wannan ba ita ce ranar da za ka yi a wancan ba, kuma wanda ya zaɓa ido rufe zai iya dawowa yana cewa harkar ba ta da daɗi alhali kogin ne bai dace da shi ba.

Sai an fara da dam ɗin tukuna, don shi ne ke juya komai. Tirawut kifin ruwan sanyi ne, da zarar ruwa ya kai wajen digiri 20 a ma'aunin Celsius ya fara galabaita. San Juan da Green kuwa a asalinsu ruwan jar laka ne mai ɗumi lokacin zafi, ba mazaunin tirawut ba ne. Da gwamnatin Amurka ta gina Navajo Dam a kan San Juan, aka gama a 1962, ta kuma gina Flaming Gorge a kan Green aka gama a 1964, sai laka ta riƙa kwanciya a cikin tafkin, ruwan da ake saki kuma daga can ƙasan tafkin yake fitowa inda rana ba ta kaiwa, ya fito garau kuma da sanyi ƙarara. Kar wani ya ce to ai mu ma muna da Kainji da Tiga me ya hana a zuba tirawut a ƙasansu, abin da ya hana shi ne tafkunanmu ba sa ganin dusar ƙanƙara, ruwan ƙasansu ma bai kai sanyin da wannan kifi yake bukata ba.

Toh a nan ne kogunan biyu suka raba hanya. Navajo Dam har yau daga can ƙasa yake sakin ruwa, shi ya sa kilomitocin farko na San Juan suke zama wajen digiri 6 zuwa 8 kusan duk shekara, ko ana tsananin zafi a watan Yuli kana shiga za ka ji sanyi yana ratsa ƙafarka ta cikin wandon roba. Irin wannan ruwa da ba ya canzawa ƙwari kala kaɗan ne ke jin daɗinsa, amma waɗanda suka ji daɗin suna hayayyafa ba adadi, musamman wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ake ce wa mij, mai kama da sauro amma ba ya cizo, sai kuma 'yan jajayen tsutsotsi na cikin laka. Shi kuwa Flaming Gorge da farko haka yake, har sanyin ya yi yawa kifi ya daina girma yadda ya kamata, sai a 1978 aka yi wa bakin bututunsa gyara yadda za a iya ɗibar ruwa daga sama-sama lokacin zafi. Wannan gyara ne ya sa Green ke ɗan ɗumama har wajen digiri 13 a tsakiyar shekara, ƙwari suka yawaita kala-kala, kifi ya saba ɗago kai yana cin abin da ke yawo a saman ruwa. Idan ka riƙe wannan bambancin, duk sauran abin da zan faɗa za ka ga daga nan ya taso.

A San Juan wurin da kowa ke nufa shi ne kusan kilomita 6 na farko daga gindin dam, wanda suke kira Quality Waters. Doka a nan ba wasa: ƙwaron bogi ko makamancinsa kawai, ƙugiya mai baki ɗaya wadda aka danne mata ƙayar nan da ke hana ta fita, ƙwari ba su wuce biyu a igiya ba, kuma duk abin da ka kama sai ka mayar da shi ruwa. Kogin a nan faɗi gare shi, ya rarrabu ƙananan rassa tsakanin tsibirai da ciyayi, ruwan da yawansa bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba idan ba a ƙara sakin ruwa ba, saboda haka da ƙafarka za ka yi komai. Ka ajiye mota kusa da Texas Hole, wani sanannen gurbi mai zurfi a cikin kogin, ka taka 'yan mintuna, ga ka a tsakiyar kifi. Kuma ba wai maganar baka ba, za ka gan su da idonka, manya masu inci 16 zuwa 18 suna jere a bayan ƙafarka suna jiran abin da takalminka zai tono daga ƙasa. Kar ka kuskura ka riƙa tona ƙasan da gangan don ka tara su, haramun ne a dokar wurin kuma ana cin tara a kai.

Sai dai ganin kifi daban, kama shi daban. Kifin San Juan ya ga ƙwaron bogi fiye da yadda kai ka taɓa gani, an kama shi an sake an kuma kamawa, kuma abincinsa na kullum ɗan ƙanƙani ne, dole kai ma ka ba shi ɗan ƙanƙani. A lissafin ƙugiya duk yadda lamba ta ƙaru haka ƙugiyar ke ƙanƙancewa, a nan kuwa lamba 22 da 24 har 26 ake amfani da su, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Zaren ƙarshe da za ka ɗaura ta a kai shi ne wanda ake rubuta wa 6X, siriri ne da ƙyar ido ke ganinsa, ƙarfinsa bai wuce ya ɗauki kilo ɗaya da rabi ba, da shi za ka yi kokawa da kifin da ya kusa tsawon damtsenka. Mafi yawan kamun a ƙarƙashin ruwa ake yi, ka sa 'yar dalma ta nutsar da ƙwarin, ka ɗaura ɗan abin alama mai yawo a sama, ka jefa sama da inda kifin yake ka bar ruwa ya kawo masa, kuma dole abin ya taho daidai da gudun ruwan, idan igiya ta ja shi ko da kaɗan ne kifin zai kauce ya bar maka. Cin nasa ma ba wani fizga ba ne, ɗan alamar zai ɗan tsaya ne kawai ko ya karkata, idan ka yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ya riga ya tofar. Gaskiya wanda idonsa ya fara rauni ya tafi da tabarau na karatu, don zira wannan zare a idon ƙugiya lamba 24 da yatsu masu sanyi aiki ne da kansa.

Abin da nake so a San Juan shi ne makaranta ce ta gaske. Ba ka bukatar iya jifa mai nisa, mita biyar zuwa takwas ya isa, kuma da yake kana ganin kifin za ka ga lokacin da ya ƙi da dalilin da ya sa ya ƙi, ka gyara nauyin dalma ko zurfin, ka sake. Wanda ya koyi tafiyar da ƙwaro ba tare da igiya ta ja shi ba a wannan kogi, duk inda ya je a duniya ya wuce rabin karatun. Abin da ba na so kuwa cunkoso ne. A ƙarshen mako Texas Hole cika yake da masu tsayuwa a ruwa da kwalekwale suna zagaye, wani lokaci tazarar da ke tsakaninka da na kusa da kai ba ta wuce tsawon jifa ɗaya ba, idan kai mai neman kaɗaici ne za ka ji takura. Da sanyin hunturu kuma tafkin Navajo yakan juya, ruwan ƙasa ya hau na sama ya sauka, sai kogin ya ɗan gurɓace na wasu makonni ko ma watanni, ana kama kifi har a lokacin amma daɗin kallonsa ya ragu.

Green wata duniya ce. Daga gindin dam mai tsawon mita 153 kogin ke shiga cikin wani kwazazzabo mai jajayen duwatsu da itatuwan fayin, Red Canyon, ruwan kore shar kuma garau har kana hango duwatsun ƙasa da kifin da ke kwance a kansu daga cikin kwalekwale. An raba shi kashi uku. Kashi na A kilomita 11 ne daga dam zuwa Little Hole, shi ya fi yawan kifi ya kuma fi yawan mutane. Na B ya ci gaba daga Little Hole, mutane sun ragu, akwai wurin kwana a tanti a bakin ruwa, akwai kuma gangaren Red Creek mai haɗari ga wanda bai iya tuƙi ba, kuma idan an yi ruwan sama mai ƙarfi wannan rafin yakan kwararo jar laka ya ɓata duk abin da ke ƙasa da shi. Na C ya fita fili a Browns Park har iyakar Colorado, kifi kaɗan amma manya, wannan ba na sabon shiga ba ne.

Abin da ke kai mutane Green shi ne cin sama, wato kifi ya taso ya ɗauki ƙwaro a saman ruwa. A watan Afrilu akwai ƙananan ƙwari masu fiffike shuɗi-shuɗi da ke fitowa daga ruwa musamman ranar da gari ya yi lumshi, sai ka ga kawunan kifi ko'ina. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni kuma, a shekarar da aka yi sa'a, sai sikada ta fito, wani ƙaton ƙwaro mai kuka a kan bishiya da ke faɗowa ruwa, daga nan fara da tururuwa da buzuzu su karɓa har zuwa Satumba. Ma'anar wannan a wurinka ita ce ƙwaron da za ka ɗaura babba ne, lamba 8 ko 10, an yi shi da soso da ƙafafun roba, kana ganinsa sarai yana yawo, zaren ma mai kauri ne ba ya tsinkewa da sauƙi, ka jefa shi jikin dutse ya faɗi tim, sai ka ga kifi mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo ya taso a hankali daga zurfi ya buɗe baki ya ɗauka. Kai, duk wanda ya ga wannan sau ɗaya ya gane abin da ya sa mutane suke haukacewa a kan wannan harka. A San Juan ma ana samun cin sama, musamman bayan ruwan sama na farko a watan Yuli lokacin da manyan tururuwa masu fiffike ke zubowa, amma abu ne na kwana ɗaya ko biyu da ba za ka iya sayen tikitin jirgi dominsa ba, sauran lokaci cin saman nasu na mij ne wanda da ƙyar za ka hango naka a cikin dubban na gaske.

To amma Green kogin kwalekwale ne, a nan kuɗi ke shigowa. Akwai hanyar ƙafa mai kyau da ta bi gefen kashi na A tun daga dam har Little Hole, kuma ana kama kifi sosai daga gaɓa, ban ce ba a yi ba, sai dai kogin zurfi gare shi da ƙarfi, ba ka tsallaka shi da ƙafa, wurare da yawa masu kyau suna can ɗaya gefen kana kallo ba ka isa ba. Wanda ya ɗauki gaid, wato ɗan jagoran da ake biya, da kwalekwale shi ke cin moriyar kogin gaba ɗaya, shi kuwa gaid na yini guda ɗaruruwan daloli ne ban da ɗan ihsanin da aka saba ba shi a ƙarshe, ko da yake kwalekwalen na ɗaukar masunta biyu, idan kun raba da aboki abin ya yi sauƙi. Rigar kariya daga nutsewa dole ce a jikinka muddin kana cikin jirgi a wurin. Kuma lokacin hutun makaranta kashi na A yakan cika da iyalai masu yawon shaƙatawa a jiragen roba, suna ihu suna fantsama ruwa, su ma hakkinsu ne, mafita ita ce ka shiga da sassafe ko ka bari sai la'asar.

Maganar hawa da saukar ruwa kuma kar a raina ta, don nan ne rai ke shiga haɗari. Flaming Gorge na samar da wutar lantarki, ruwan da yake saki yakan ƙaru ya ragu a cikin yini ɗaya gwargwadon bukatar wuta, dutsen da ka tsaya a kai da hantsi zai iya nutsewa da azahar. Da ma'aunin cfs suke lissafi, wato ƙafa kubik nawa ke wucewa a daƙiƙa, mafi ƙaranci a Green 800 ne, injinan wuta idan an buɗe su duka suna kai 4,600, a ƙarshen bazara kuma wasu shekarun ana kai shi har 8,600 domin a kwaikwayi ambaliyar da kifayen asali na yankin suke bukata don hayayyafa, waɗanda dam ɗin ya kusa ƙarar da su. San Juan ya fi natsuwa, yakan yi makonni a 'yan ɗaruruwa ba canji, amma shi ma a shekarar da dusar ƙanƙara ta yi yawa ana iya buɗe shi har 5,000 wajen Mayu zuwa Yuni, a lokacin kuwa shiga da ƙafa ya zama ganganci. Hukumar Bureau of Reclamation ce ke kula da dam ɗin biyu kuma tana sanar da jadawalin sakin ruwa a intanet, ka duba kafin ka biya kuɗin komai, ka kuma sake dubawa daren da za ka shiga.

Na san tambayar da ke cin ran Bahaushe tun ɗazu: a sha wannan wahala a kama kifi sannan a sake shi? Mu da muka taso muna ganin Argungu inda girman abin da ka fito da shi ne darajarka, abin yana da wuyar haɗiya da farko. Amma ka tuna dubban mutane ne ke zuwa waɗannan 'yan kilomitoci duk shekara, da kowa zai tafi da biyu da tuni babu abin da ya rage. Duk da haka idan kai sai ka ɗanɗana, a nan Green ya fi San Juan, don dokar Utah ta daɗe tana yarda ka riƙe uku, biyu 'yan ƙasa da inci 15 da ɗaya da ya haura inci 22, duk abin da ke tsakani a mayar. A San Juan sai ka gangara ƙasa da Quality Waters inda aka yarda a riƙe kifi har a sa tana. Dokokin nan ana sabunta su, ka karanta na shekarar da za ka je lokacin da kake sayen lasisi, kowace jiha da nata lasisin kuma ta waya ma ana saye. Wanda kuwa burinsa kawai ya cika kular ƙanƙara da kifi ya kai wa iyali, ni sai in ce ya bar waɗannan biyun ya duba White River a Arkansas, ƙarƙashin dam ɗin Bull Shoals, a da can aka fi sabawa da hakan, sai dai ruwan can ya fi na Green ma saurin tashi idan aka kunna injina.

Zuwa da zama ma akwai bambanci. San Juan na kusa da Farmington, gari ne sosai mai manyan kantuna da otal masu sauƙin kuɗi, daga Albuquerque tafiyar wajen awa uku ce a mota, daga Durango ta Colorado kuwa wajen awa ɗaya, kuma hunturun wurin da sauƙi, ana kamun kifi a Janairu lafiya lau in ka sa kaya masu kauri. Green kuwa garin da ke kusa shi ne Dutch John, ɗan ƙaramin wuri da aka gina domin ma'aikatan dam tun lokacin aikin, masauki kaɗan ne kuma suna cika da wuri a watannin zafi, daga Salt Lake City za ka yi kusan awa huɗu, hanyar da ta taso daga Vernal kuma hawan dutse ce mai lanƙwasa da yawa wadda ba na ba baƙo shawarar binta cikin dusar ƙanƙara. Mai kiyaye abin da yake ci ya yi guzurinsa tun daga babban gari. Duka wuraren biyu suna sama da mita 1,500 daga teku, rana na ƙuna ko ana sanyi, ka sha ruwa da yawa.

Kayan aiki kusan ɗaya ne, sanda mai ƙafa 9 lamba 5 a ma'aunin nauyin igiya ta isa ko'ina, da wandon roba mai zuwa ƙirji da bel ɗinsa a ɗaure tamau, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da 'yar koma ta hannu mai ragar roba. Ƙwarin kam kar ka saya tun daga gida, ka bari sai ka isa shagunan bakin kogin ka tambayi abin da kifi ke ci a wannan makon. In za ka haɗa kogunan biyu a tafiya ɗaya ka wanke takalmi da wando ka busar da su sosai, akwai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ɗan asalin New Zealand da ya shiga Green, a jikin kaya yake bin mutane zuwa wasu koguna.

Ni dai ga inda na tsaya. Idan kuɗinka a ƙirge suke, ba ka da halin gaid ko na rabin yini kawai za ka iya, ko kuma hutunka ya faɗo tsakanin Oktoba da Maris, tafi San Juan, ka je tsakiyar mako, ka yarda cewa yinin farko na koyon ɗaurin zare ne da gane yadda alamar ke motsi. Haka ma wanda ya ƙudurta zai daɗe a harkar yana son ya iya da hannunsa, San Juan zai fi gina shi. Amma idan tafiya ɗaya ce tak kake da ita, kana son ka ga abin da ake yabo, ko za ka tafi da uwargida ko yaro da ba za su jure tsayuwar awa shida cikin ruwan digiri 7 suna kallon ɗan alama ba, to ka tara kuɗin kwalekwale ka nufi Green tsakanin tsakiyar Yuni da Satumba bayan an rage babban ruwan bazara, ka ce wa gaid ɗin kai sabo ne kuma cin sama kake so ko da kifin zai zama kaɗan. Ka kama masauki a Dutch John tun watanni kafin lokacin, in ya cika ka nemi na Vernal ka riƙa tasowa da asuba.